Laburaren Asibiti da Ma'aunin Amfaninsa: Tarihi da Darasi ga Ƙasar Zuru

GABATARWA

Duk ma'aikacin gwamnati da ya taɓa zama a kwamitin kasafin kuɗi ya san yadda akan yi idan kuɗi suka gaza. Akan jera bukatu, sa'an nan a fara yanke wadda ba ta da mai kare ta. A asibiti, magani yana da mai kare shi, haka kuma man janareta da albashin ma'aikata, domin rashinsu yakan bayyana a ranar da aka rasa su. Littafi kuwa ba haka yake ba. Idan aka daina sayen littattafai da mujallun likitanci, babu majinyacin da zai koka a wannan rana, kuma sai shekaru sun shuɗe kafin a farga da ɓarnar da aka yi. Saboda haka laburare shi ne abin da aka fi saurin yanke wa kuɗi, alhali kuwa shi ne abin da ya fi wuyar mayarwa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin littafin likita a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, a ga yadda ya kafu da yadda ya raunana, sa'an nan a duba dabarar da ma'aikatan laburare na wasu ƙasashe suka yi amfani da ita wajen nuna amfanin aikinsu da alƙaluma. Wannan dabara ita ce awon kwatanci, watau ma'aikata ta auna aikinta ta gwada shi da na takwarorinta. Daga ƙarshe za a duba abin da wannan tarihi yake koya wa asibiti irin na Zuru.

LITTAFI DA MAGANI A DAULAR SAKKWATO

Haɗa magani da littafi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai da Larabci a kan ilmin magani, cikinsu har da na ciwon ido da na basir, yana tattaro bayanai daga littattafan malaman da suka gabace shi. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ɗaya daga cikin abubuwan da Bello ya nema shi ne a aiko masa da likita daga Ingila. Da Clapperton ya komo a 1826, ya kawo masa kyautar littattafan Larabci, har da littafin lissafi na Uƙlidis, sai Bello ya shaida masa cewa gidansu yana da irinsa wanda aka kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi.

Wannan labari yana nuna abu biyu. Na farko, shugabannin wancan zamani sun ɗauki neman ilmin magani a rubuce a matsayin aikin mai mulki. Na biyu, taskar littattafai aba ce mai rauni. Wuta ko gara ko sakaci na iya shafe abin da aka shekara ana tarawa.

ZAMANIN JAMI'O'I

Laburaren likitanci irin na zamani ya zo ne tare da makarantun koyon likita. An buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957. A Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe sashen koyon likita a 1967, ta kuma buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. Jami'ar Sakkwato ta biyo baya a 1975. A shekarun nan na arzikin man fetur, naira tana da daraja, mujallun likitanci suna zuwa daga Turai da Amurka a kan kari.

Zariya ba karɓar ilmi kaɗai ta yi ba, ta kuma samar da shi. A farkon shekarun 1970, David Warrell da abokan aikinsa sun yi bincike a kan saran kububuwa, macijin da yake halaka manoma da makiyaya a wannan yanki, suka buga sakamakon a wata mujallar likitanci ta Ingila a 1977. Daga irin wannan aiki ne aka samo gwajin nan mai sauƙi da ake yi wa wanda maciji ya sara: a ɗebi jininsa kaɗan, a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta wadda take a bushe, a ajiye minti ashirin ba tare da an girgiza ba. Idan jinin bai daskare ba, to, dafi ya shiga jiki, ana bukatar allurar kashe dafi. Wannan gwaji ba ya bukatar lantarki ko na'ura. Abin lura shi ne, ilmin da aka samo a kan majinyatan Arewa sai da ya tafi Ingila aka buga shi, kuma hanyar da zai bi ya komo hannun ma'aikacin jinya a ƙauye ita ce hanyar littafi da laburare da koyarwa.

Wannan hanya ta toshe a tsakiyar shekarun 1980. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka karya darajar naira, zuwa 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Mujallun da ake biya da kuɗin waje suka gagari jami'o'i, aka riƙa ganin jerin mujallu a kan kanta sun tsaya cak a wata shekara. Idan manyan asibitocin koyarwa sun shiga wannan hali, ba sai an faɗi na ƙananan asibitoci ba. Kuma ma'aikatan laburare ba su da wata hujja ta alƙaluma da za su kai gaban masu rabon kuɗi, sai dai faɗar cewa karatu yana da amfani, maganar da kowa ya yarda da ita amma ba ta hana a yanke kuɗi.

YADDA AKA FARA AWO

A daidai wannan lokaci ɗakunan karatu na asibitocin Amurka sun shiga irin tasu matsalar. A 1986 hukumar tarayya mai biyan kuɗin jinyar tsofaffi ta soke sharaɗin da ya wajabta wa asibiti ya mallaki laburare. Da doka ta janye kariyarta, sai ya zama dole ma'aikatan laburare su kawo hujja.

Hujja mafi shahara ta fito ne daga birnin Rochester na Jihar New York. Joanne Marshall ta jagoranci wani bincike a asibitoci 15, aka buga shi a 1992. An nemi likitoci su kawo wa laburare tambaya a kan wani majinyaci da yake hannunsu, sa'an nan su faɗi abin da amsar ta canja. Likitoci 208 suka ba da amsa. Kashi 80 cikin ɗari suka ce sun sauya wani abu a yadda suke kula da majinyacin. Kashi 29 sun sauya ganewarsu ta cutar, kashi 45 sun sauya maganin da suka zaɓa. Hikimar wannan bincike ita ce ya bar ƙidayar littattafai da masu shiga ɗakin karatu, ya koma kan abin da ya sami majinyaci. An maimaita irinsa a asibitoci 118 na Amurka da Kanada, aka buga a 2013, mutum 16,122 suka amsa, kuma wajen kashi uku cikin huɗu suka ba da irin waccan shaida.

Awon kwatanci kuwa daga masana'antu aka aro shi. Kalmar da Turawa suke kiransa da ita ta samo asali daga alamar da 'yan safiyo suke sassaƙawa a jikin dutse, wadda daga gare ta ake auna tudu da gangare. A 1979 kamfanin Xerox ya gwada kuɗin da yake kashewa da na kamfanonin Japan, ya tarar suna sayar da na'urarsu a kusan kuɗin da shi yake kashewa wajen ƙera tasa. Sai ya shiga binciken yadda suke aiki, ya gyara nasa. Ƙungiyar ɗakunan karatu na likitanci ta Amurka ta ɗauki wannan dabara, a 2002 ta tattara alƙaluma daga ɗakunan karatu na asibiti fiye da 300, ta rarraba su gwargwadon yawan gadaje da likitoci da ma'aikata. Da haka mai kula da laburaren ƙaramin asibiti yake iya nuna wa shugabanninsa inda yake tsaye a tsakanin sa'o'insa. Bahaushe ya riga ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma duk macen da ta je kasuwa ta san ba a gane tiyar da aka yi wa algus sai an gwada ta da wata tiyar.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan dabara. Binciken Rochester ya dogara ne ga abin da likitoci suka faɗa da bakinsu, kuma waɗanda suka amsa ba su kai rabin waɗanda aka nema ba. Har wa yau, duk da waɗannan alƙaluma, an ci gaba da rufe ɗakunan karatu a asibitocin Amurka da dama. Awo yana ba mai gaskiya makami, amma sai an sami shugaban da zai saurara.

DAWOWAR ILMI TA SABUWAR HANYA

A Afirka an nemi mafita ta wasu hanyoyi. A 1984 aka kafa AHILA, ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu na kiwon lafiya ta Afirka. A ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin shuɗiyar akwati, watau akwatin ƙarfe mai ɗauke da zaɓaɓɓun littattafai fiye da ɗari, domin asibitocin gunduma. A 1997 gwamnatin Amurka ta buɗe wa kowa rumbun PubMed kyauta ta intanet, sa'an nan a 2002 aka fara shirin Hinari, wanda ya ba cibiyoyin ƙasashe matalauta damar karanta mujallu wajen 1,500 tun daga farko. Yanzu matsalar ta sauya kama. Ilmin yana nan, amma sai da lantarki da intanet, da rajistar cibiya, da kuma mutumin da ya san inda zai nemo amsa ya tace ta.

Cutar sanƙarau ta nuna dalilin da ya sa wannan aiki ba ya ƙarewa. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Arewacin Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma nau'in ƙwayar cutar da ake kira A ne ya yi ɓarnar. Daga 2011 aka shiga allurar rigakafin wannan nau'i, ya ja baya ƙwarai. Sai ga nau'in C ya ɓulla a Jihar Sakkwato a 2013, ya shiga Jihar Kabi a shekarun da suka biyo, a 2017 kuma ya kama mutum fiye da 14,000 a jihohin Arewa maso Yamma da maƙwabtansu. Ma'aikacin lafiya da iliminsa ya tsaya a tsohon littafi zai zaci wanda aka yi wa waccan allura ya tsira daga sanƙarau baki ɗaya.

DARASI GA ZURU

Ƙasar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu. Ta kasance cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, da Jihar Sakkwato daga 1976, da Jihar Kabi daga 1991, kuma a dukkan waɗannan zamanai tana nesa da babban birnin jiha. Majinyacin da aka tura Birnin Kabi ko Sakkwato yana da tafiyar sa'o'i a gabansa, ga kuɗin mota, ga wahalar masu jinya. A irin wannan wuri likita yakan yi aikin ƙwararru da yawa shi kaɗai, ba shi da babban malamin da zai leƙa ofishinsa ya tambaya. Don haka bukatarsa ga sahihin bayani ta fi ta likitan asibitin koyarwa, amma hukumomin da suke duba laburare kafin su amince da horon likitoci sun fi mai da hankali ga asibitocin da ake koyarwa a cikinsu.

Darasin farko shi ne a zaɓi abokin gwaji da ya dace. Ba za a gwada Zuru da Rochester ko Ibadan ba. Sa'o'inta su ne manyan asibitocin Yawuri da Argungu da Kontagora, masu kusan irin cututtukanta da matsalolinta.

Darasi na biyu shi ne a auna abin da ya taɓa majinyaci. Littafin rajista guda ɗaya ya isa a fara. A rubuta kowace tambaya da likita ko ungozoma ko mai harhaɗa magani ya kawo, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a sami amsa, da abin da amsar ta canja. A duba ko kowane ɗakin jinya yana da sabon bugu na littafin ƙa'idojin magani na ƙasa, a rubuta shekarar bugun. A ƙidaya sa'o'in da kwamfuta take samun lantarki da intanet a mako. Idan asibitoci huɗu suka yi haka shekara guda da ma'auni iri ɗaya, za a ga wanda ya yi fice, a je a koyi yadda yake yi.

Darasi na uku gargaɗi ne. Idan aka mai da awo sandar dukan ma'aikata, za su ƙirƙiro alƙaluman da za su faranta wa shugaba rai, a yi asarar gaskiyar da aka fita nema. Akwai kuma masu cewa wayar hannu ta wadatar. Lalle waya ta sauƙaƙa nema, amma tana kawo sahihi da gurɓatacce a haɗe, kuma awon ne kaɗai zai nuna ko amsoshin da ake samu ta wannan hanya abin dogaro ne.

KAMMALAWA

Tarihin da aka bi ya nuna cewa sau da yawa ilmin da zai ceci rai yana nan a rubuce, abin da yake yankewa shi ne hanyar da zai bi ya kai gadon majinyaci. Wannan hanya takan yanke ne a teburin kasafin kuɗi, inda ba a jin magana sai da alƙaluma. Ɗaliban aikin laburare da na kiwon lafiya suna iya ɗaukar wannan awo a matsayin aikin bincikensu na kammala karatu. Ma'aikatan Ma'aikatar Lafiya kuma suna iya ware wa bayanan likitanci layinsa na kansa a kasafin kowane babban asibiti, su nemi rahotonsa kowace shekara kamar yadda suke neman na magani da na gadaje.