KAFIN A KAI SU BAMA: Yadda kakanninmu suka rayu a sansanin kuratan soja

Kowace 15 ga Janairu mukan ga manya sun ajiye furanni, an saki tantabaru, an ce an tuna da 'yan mazan jiya. Ni kuwa duk ranar, kakana nake tunawa, Allah ya jiƙansa. Ya yi yaƙin Bama, wato ƙasar da yau ake kira Myanmar, kada wani ya ɗauka Baman Borno nake nufi. Abin mamaki, in ya zauna hira bai cika ba da labarin fagen daga ba. Labarin sansanin da aka horar da su ya fi yi, wani daji a kudu da Kaduna. Yakan ce, "Kai ja'iri, a can aka kashe manomi aka tayar da soja."

Ga yadda abin ya faro. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, sojan Nijeriya 'yan bataliyoyi ne kawai a cikin rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma. Kafin 1945 an ɗebi mutum fiye da dubu 100 daga ƙasar nan. Wasu sun kai kansu saboda albashin sule guda a rana, wasu kuma hakimi ne ya aiko wa dagaci cewa ana son mutum kaza. Kakana yana cikin kashi na biyu. Daffon Zariya, da aka kafa tun 1924, ya yi wa wannan taro kaɗan, shi ya sa aka dinga sare daji ana kafa sansanoni.

Ranar farko likita zai duba ka, a yi maka lamba, a aske ka ƙwal, a ba ka lambar da za ta maye gurbin sunanka. Sai rantsuwa: Musulmi da Alƙur'ani, Kirista da Baibul, mai addinin gargajiya kuma da banati.

Tsarin wurin kansa karatu ne. Da ka shigo ƙofa, gadirum ne zai fara yi maka maraba, can ake kulle mai laifi. A tsakiya filin fareti, fetal, babu mai ratsa shi haka kawai. Gefe guda layin sojoji, bukkokin jinka a jere kamar an ja zare, kowane kamfani da layinsa. Bayansu madafa, can nesa inda iska ba ta dawo da wari kuma ramukan bahaya. Ma'ajiyar makamai tana da mai gadi dare da rana. Filin harbi yana bayan sansani, an sa shi ya fuskanci tsauni don harsashi kada ya faɗa ƙauyen mutane. Su kuwa Turawa suna wajen da ya fi tudu da inuwa, hafsoshi da ɗakin cin abincinsu, sajan-sajan ɗinsu ma da nasu daban. Ba sai an gaya maka matsayinka ba, inda kake kwana ya isa. A lokacin babu ɗan Nijeriya ko ɗaya da yake hafsa, iyakar baƙar fata samanja. Har daga ƙasar Foland an kawo hafsoshi don cike giɓi.

Begila ke tashin su tun kafin gari ya waye. Shara, gudu, ɗan kunu, sai fareti har rana ta take. Kakana ya ce "lef, rai" kaɗai sai da ta ci musu makonni, domin mutumin da ya saba da tafiyar gona ba ya gane dalilin da zai sa ƙafarsa ta jira ta wani. Daga nan a koya musu kwance bindiga da haɗa ta, harbi, sukar buhun ciyawa da banati, da aiki da adda. Da yamma aikin ƙarfi: yankan ciyawar jinka, ɗebo itace da ruwa, haƙa rami. Da dare ajin Turanci. A da, Hausa ce harshen soja, har Baturen hafsa sai ya ci jarrabawarta, amma da yaƙi ya kawo dubban 'yan kudu da sababbin Turawa, aka koma tura Turanci. Takalmi ma a wannan yaƙin ya zama na kowa, kafin nan sojanmu ƙafa ba takalmi yake fareti. Bulala kuwa sai 1946 aka soke ta a hukumance.

Wani canji da ya dame su shi ne abinci. A barikin zaman lafiya soja yana tare da matarsa, ita ke yi masa tuwo, kuma akwai magajiya mai kula da matan layi. A sansanin yaƙi babu wannan. Ƙato ne zai tuƙa wa mutum ɗari tuwo a rabin duro. Kakana ya ce a nan ya fara cin garin rogo da manja, a nan kuma ya fara kwana ɗaki ɗaya da Tibi da Inyamuri da Babarbare. Salla dai ba a hana su ba, bataliya tana da limaminta.

To, su wa suka ɗauki nauyin duk wannan? Ƙauyukan da ke kewaye. Su ke kawo hatsi, ciyawa, itace da leburori. Bakin waya kuma kasuwa ta tashi: masu ƙosai, masu burkutu, 'yan caca, da matan da suka baro gida. Ina ganin irin wannan zama yana cikin abin da ya sa har gobe in an ce wane "ɗan bariki ne", ba yabo ake nufi ba.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82. Aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa Legas, jirgin ruwa zuwa Indiya, aka ƙara musu horon daji, sannan Bama. Cikinsu akwai dubban da aikinsu ɗaukar kaya a ka ne, su suka isar da harsashi da abinci inda mota ba ta zuwa.

Yau duba abin da ya rage. Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen wurare ne a Bama. Barikin Chindit a Zariya sunan rundunar da 'yan Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta ne. A bakinmu kuma ga kurtu, kofur, saje, samanja, fareti, begila. Amma sansanin kakana, da na je nemansa shekarun baya, gonar masara na tarar. Wani dattijo ne ya nuna mini tsaunin, ya ce suna yara sukan tsinci kwanson harsashi a gindinsa.

Abin da ke ci mini rai, na yi digiri, na shekara kusan 20 ina rubuta fayil a ofis, amma ban taɓa ɗaukar biro na rubuta maganar tsohon nan yana raye ba. Ko lambarsa, da yake karantowa kamar Fatiha, na manta. Don Allah, duk wanda a gidansu akwai takardar sallama, lambar yabo ko tsohon hoto, ya ɗauka a waya ya ajiye. In da tsohuwar da ta ji labarin daga bakin mijinta, a zauna da ita yau. Ku faɗa mana a ƙasa, daga wane gari aka ɗauki naku kakan?

Allah ya jiƙan magabata, ya kare waɗanda ke bakin daga yanzu.