Kamfanin Shell a Nijeriya: Daga Oloibiri Zuwa Yau

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, lokacin da muke aji uku malaminmu na tarihi ya sa mun haddace cewa an gano man fetur a Oloibiri a shekarar 1956. Mun rubuta a jarrabawa, mun ci, mun manta. Sai da na kama aikin gwamnati na fahimci nauyin wannan shekarar, domin albashinmu yana jiran kason da ake rabawa a Abuja kowane wata, kuma kaso mai tsoka na kuɗin daga rijiyoyin mai yake fitowa. Wannan ne ya sa na bi sawun kamfanin da ya haƙa rijiyar farko.

Sunansa na asali Shell D'Arcy, haɗin gwiwa ne tsakanin Shell da kamfanin Ingila da daga baya ya zama BP. A 1938 gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi lasisin neman mai a duk faɗin Nijeriya, ya kafa sansani a Owerri. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, sai bayan an ƙare aka ci gaba.

Sana'ar neman mai sai mai haƙuri da aljihu mai zurfi. Masana kan auna ƙasa su yi hasashen inda mai ya taru, amma ba a tabbatarwa sai an haƙa. Rijiyar da suka haƙa a Ihuo a 1951 ba ta ba da komai ba. Ta Akata a 1953 ta nuna mai, amma bai kai na ciniki ba. Sai a Janairun 1956 aka dace a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu. A shekarar ne sunan ya koma Shell-BP, kuma a 1958 aka fara fitar da ɗanyen mai zuwa waje, ana haƙo kimanin ganga 5,100 a rana.

Bayan Yaƙin Basasa gwamnati ta shiga cikin cinikin. Ta karɓi kashi 35 cikin ɗari a 1973, ta kai shi 55 a 1974. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace hannun jarin BP, sunan BP ya fita daga na kamfanin.

To amma arzikin ya zo da kuka. Malalar mai ta lalata gonaki da wuraren su a ƙasar Ogoni, har boren jama'a ya sa kamfanin ya daina haƙa a can a 1993. A Nuwamban 1995 gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A 2025 Shell ya sayar da reshensa mai haƙa a tudu ga kamfanin Renaissance, ya mai da hankali ga teku da iskar gas. Ita kuwa Oloibiri, an daina haƙa a cikinta tun shekarun 1970.

Yanzu magana ta iso ƙofarmu. A 2019 NNPC ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da manyan ma'aikata waɗanda irin wannan takarda za ta bi ta teburinsu. Roƙona shi ne, kafin a sa hannu a tambayi makomar manomi da makiyayi da ruwan shansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa mu dace.