Kano Pillars (ƙwallon kwando)

Kano Pillars ƙungiyar ƙwallon kwando ce ta maza mallakar gwamnatin jihar Kano, takwarar ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai wannan suna. Tana karɓar baƙuncin wasanninta a rufaffen ɗakin wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ta sha lashe gasar Firimiya ta Najeriya, inda take fafatawa a rukunin Savannah na ƙungiyoyin Arewa. A 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a Alƙahira.

Matasa da dama a nan suka yi suna kafin a kira su tawagar ƙasa, D'Tigers. Abubakar Usman ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar a fili, Abdul Yahaya kuma yana cikin tawagar da ta ci azurfa a AfroBasket na 2017.