Rabi'a Salihu Sa'id

Rabi'a Salihu Sa'id farfesa ce a fannin fizikis a Jami'ar Bayero, Kano. An haife ta a shekarar 1963 a Wangara, Ƙaramar Hukumar Gezawa. Ta ƙware a nazarin iska da yanayin sararin samaniya, fannin da ya haɗa da duba yadda hasken rana ke fizge ilektoron daga ƙwayoyin zarra can sama, ya bar su ɗauke da caji. Shimfiɗar iskar da ke ɗauke da waɗannan ƙwayoyi ce ke dawo da muryar rediyo mai gajeren zango har rumfar mai shayi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. A 2015 Rabi'a ta samu lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier, BBC kuma ta sanya ta cikin fitattun mata 100 na duniya.