Awo: Daga Mudun Annabi Zuwa Sikelin Bature

Idan magidanci a Tudun Wadar Zariya ya ce zai je awo, hatsin gida zai sayo. Idan matarsa mai juna biyu ta faɗi haka, asibiti za ta. Wanda ya kuɓuta daga haɗari ya auna arziki, ɓarawon da ya tsere da akuya kuwa ya yi awon gaba da ita. Kalmar ta yi rassa haka ne domin ta daɗe tana bin Bahaushe, kowane zamani kuma ya zo mata da ma'auninsa.

Ma'aunin farko jikin mutum ne. Masaƙa da 'yan koli sun auna ƙyalle da taƙi, da kamu, da gaba. Aibinsa a fili yake: kamun dogo ya fi na gajere, don haka ciniki ya dogara ga sanin juna.

Musulunci ya kawo ma'auni mai hukunci. Kalmar mudu daga Larabci take, haka sa'i. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda aka daɗe ana karantawa a zaurukan Zazzau, ta tsara lissafin: mudun Annabi huɗu sa'i ɗaya ne, sa'i 60 wusƙi ɗaya, wusƙi biyar kuma, wato sa'i 300, shi ne nisabin zakkar hatsi. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce ga kowane rai. Daga nan awo ya zama ibada, tauye mudu ya zama zunubin da Alƙur'ani ya yi wa kashedi a Suratul Muɗaffifina.

Turawa sun ci Zariya a 1902, suka zo da awo irin na mai mulki. A Kano da Katsina malaman taki sun riƙa auna gonaki da sawu domin yanka haraji. A ƙasar Zazzau, bayan isowar jirgin ƙasa, kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza a Zariya, manomi ya koma kai amfaninsa gaban sikeli. A nan ne ma'auni ya fita daga hannunsa, domin lambobin da allura ke nunawa akawu kaɗai ke karanta su. Ita kanta Tudun Wada a wannan zamanin aka yanka ta a wajen ganuwa. Daga baya asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna a unguwar shekaru da dama kafin ya koma Shika, inda awon ciki ya zama maganar yau da kullum a bakin mata.

A shekarun 1970 Nijeriya ta koma ga kilo da lita da mita. Fetur ya bi, magani ya bi, amma gero da masara da wake sun ƙi. Har yau da mudu da tiya ake auna su a kasuwar Tudun Wada, domin mai saye yana ganin cikar kwano da idonsa, yana kuma iya neman gyara.

Sai dai mudun kasuwa ba na Annabi ba ne, girmansa ma yakan bambanta daga gari zuwa gari. Idan hatsi ya yi tsada, wasu ma'auna kan bubbuge gindin kwano ya shige ciki, kuɗi na nan yadda yake, tuwon dare ya ragu. Shi ya sa tsofaffin mata kan kifa mudu su shafa gindinsa kafin a fara zuba musu.