Balad: Me ya sa jirgin ƙarfe ke yawo a kan ruwa amma allura ta nutse?

Balad, tsohuwar unguwar birnin Jidda da hukumar Unesco ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ta ginu ne a kan harkar jiragen ruwa. Tun zamanin Halifa Usman bin Affan, a wajajen shekarar 647, ta nan maniyyatan da suka biyo teku ke shiga Makka, ciki har da Hausawan da suka riƙa tsallako Bahar Maliya daga Suwakin ta ƙasar Sudan.

Sai dai duk da tekun da ke gabansu, mazauna Balad sun daɗe suna fama da ƙarancin ruwan sha. Sukan tara ruwan sama a manyan kwatarniyoyin ƙarƙashin ƙasa, kafin a kafa injin tace ruwan teku da ake kira Kindasa a farkon ƙarni na 20.

Yadda ake auna ruwa

A yau da lita ake auna ruwa. Lita ɗaya ita ce cikin mazubi mai santimita 10 a tsawo da faɗi da zurfi, lita 1,000 kuma ita ce kubik mita ɗaya. Litar ruwan sha na da nauyin kilogiram ɗaya, don haka galan ɗin Zamzam mai lita 5 ya kai kilo 5, jarkar mai ruwa ta lita 25 kuma kilo 25.

Sirrin yawo da nutsewa

Masanin Girka Arkimidis ya bayyana ƙa'idar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): ruwa na tunkuɗo abu sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture.

Dunƙulen ƙarfe mai girman lita ɗaya ya kusa kilo 8, amma ruwan kilo ɗaya kacal yake turewa, shi ya sa yake nutsewa. Idan aka ƙera shi kamar ƙwarya, cikinsa iska, zai ture ruwa mai yawa har ya tsaya a sama.

Gishiri ma na taimakawa. Litar ruwan Bahar Maliya na ɗauke da kusan giram 40 na gishiri, sama da giram 35 na yawancin tekuna. Da yake ruwan ya fi nauyi, ya fi ɗaga jirgi. Wannan ne dalilin da layin lodi da ake zanawa a jikin jiragen dakon kaya ke da alamar ruwan gishiri daban da ta ruwan daɗi.

Da zarar ruwa ya maye gurbin iskar da ke cikin jirgi, lissafin ya rushe. A Disamban 1991 jirgin Salem Express, wanda ya taso daga Jidda, ya daki duwatsun murjani kusa da Safaga a Masar. Ƙofar gabansa ta buɗe, ruwa ya kwarara ciki, ya nutse cikin mintoci, inda sama da mutum 400 suka rasu.