Launin Tsohuwar Tagulla a Alƙalamin Mawallafa

Jama'a, in mun lura, duk sa'ad da mawallafi ya so ya nuna mana abu ya daɗe, kuma yana da daraja, sai ya ce na tagulla ne wadda ta dushe. Dalili kuwa a fili yake. Baƙin ƙarfe in ya tsufa, tsatsa ke cinye shi. Zinariya ba ta sake launi, saboda haka ba ta faɗin shekarunta. Tagulla kuwa sai ta yi duhu, ta yi kore-kore, amma tana nan da ƙarfinta, kamar dattijon da furfura ta ƙara wa kwarjini.

Mu duba Dare Dubu da Ɗaya. A labarin Birnin Tagulla, Halifa Abdulmalik, wanda ya yi sarauta daga 685 zuwa 705, ya aiki Musa bin Nusairu neman tulunan tagulla da Annabi Sulaimanu ya kulle aljannu a ciki. Musa ya tarar da birnin tsaye, dukiya jibge, mutanensa duk sun mutu. Ƙarfen ya fi masu shi daɗewa, wa'azin ke nan.

Sai kuma fitilar Aladdin. Wani Bafaranshe, Antoine Galland, ya ji labarinta a Faris cikin 1709 daga bakin Hanna Diyab, mutumin Halab, ya sa shi cikin fassararsa. Uwar yaron ta ga fitilar ta yi dauɗa, ta goge ta don a sayar, sai ga aljani. Daga baya boka ya bi gari yana musayar sababbin fitilu da tsofaffi, aka miƙa masa ita saboda ba ta ƙyalli. Nan gida ya tafi, amarya ta tafi.

To, mu ma nan Gana wannan launi ba baƙonmu ba ne. Da 'yan ma'aunan tagulla Asante suka daɗe suna awon garin zinariya, yau ga su da yawa a gidajen tarihi na Turai.

Samari masu rubutu, ku dubi tsofaffin tasoshin iyayenmu da kyau kafin ku siffanta su. Dattawa kuma, in mai saye ya zo, a tuna da bokan nan. Allah ya sa mu gane, amin.